Hannun Babanku da Faifan Baban Chidi

Ranar sunan ɗiyar ɗana Nura, ina tsakar gida ina rabon waina, na jiyo baffanku Bala a soro yana ba ku labari yana ƙyaƙyata dariya. Wai babanku ya ƙare rayuwarsa yana wasan yara a kwamfuta, har uwarku ta yafa mayafi ta shiga tasha cikin garada saboda faifai. Ku ma kuka taya shi da 'yar dariyar ladabi. Ban tanka ba, don ranar farin ciki ce, amma maganar ta tsaya mini a rai har yau. Bala bai yi ƙarya ba, sai dai ya yanke wa gaskiya kai da ƙafa ya miƙo muku gangar jikin. Lokacin kuna ƙanana, ba na jin kuna tuna komai sai ƙugin mota da ke fitowa daga ɗakin babanku. Ni na ɗauki faifan nan da hannuna, saboda haka ku ji labarinsa daga bakina.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, duk Gyaɗi-Gyaɗi ba ka jin komai sai rediyo da kyakkyawan zato. A teburin mai shayi ana cewa wahala ta ƙare, mata a gidan biki suna cewa shinkafa za ta sauko. Mu kuwa a wannan shekarar aka shigo mana da babanku a kan tabarma, maza sun rirriƙe gefe da gefe. Direban babbar mota ne tun kafin in san shi, ya kai albasa Anacha ya dawo da manja. Sitiyari ne ya tsinke masa a wata gangara, motar ta ja hagu, ya yi iya yinsa ta ƙi dawowa, har ta kwanta da shi. Amma da yake mota ba ta da baki, sai mutane suka yi mata magana, aka riƙa raɗe-raɗin wai gyangyaɗi ya yi. Na rantse muku wannan zancen ya fi karayar bayan yi masa ciwo. Mutum ne da bai da abin alfahari a duniya sai hannunsa, yakan ce shi bai gaji gona ba, bai gaji shago ba, hannuwan nan biyu su ne gadonsa.

Ranar da za a sallame mu daga asibiti likita ya ja ni gefe, bai san kunnen babanku ya fi na zomo ba.

"Ƙafafu kam sai haƙuri," in ji shi. "Amma ku riƙa lura da hannuwan. In kuka ga sun fara ƙin bin umarninsa, ku dawo da shi da sauri, alama ce abin yana hawowa."

Tun daga ranar, maganar nan ta zauna a ɗakinmu kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Malam, wato babanku, ya juya fuskarsa bango. Mutumin da in ya dawo daga tafiya har maƙwabta sai sun san ya dawo saboda labari, ya koma sai "to" da "a'a". Abokansa direbobi suka yi ta zuwa da farko, daga baya hanya ta ɗauke su, ban kuma ga laifinsu ba. Ni ina juya shi, ina wanke shi, ina shiga banɗaki in yi kukana in wanke fuska in fito. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku. Na ga yadda mutum yake mutuwa yana numfashi.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Baban Chidi. Inyamuri ne, Kirista, amma a Sabon Gari aka haife shi, in yana zuba karin magana sai ka ɗauka jikan malaman cikin Birni ne. Yana da ɗan shago a Tarauni inda yake gyaran kwamfuta da injin buga takardu. Ƙaton mutum mai tumbi, mai 'ya'ya, amma in ya tashi daga shago babu abin da yake so irin tseren mota a kwamfuta, har matarsa Maman Chidi tana cewa 'ya'yanta huɗu ne har da uban. Wata ranar Asabar ya yi sallama, ya shigo rungume da tsohuwar kwamfuta yana haki, ya koma ya ɗauko wani sitiyari na roba ya ɗaure a jikin teburin da nake ɗora wa Malam abinci. Ya ce totur da birki duk ya mayar da su ƙarƙashin yatsu, ba sai da ƙafa ba. Malam bai ko waiwayo ba.

"Oga direba, taimako na zo nema," in ji Baban Chidi. "Akwai wata kwana a bakin dutse, kullum sai ta kayar da ni. Na ce bari in kawo wa masu abin."

Ya zauna ya kunna, ɗakin ya cika da ƙugin inji. Ya shiga kwanar, ya daki dutse. Ya sake, ya sake daka. A karo na uku sai na ji murya daga bango.

"Wa ya koya maka taka birki a tsakiyar kwana? Kafin ka shiga ake takawa, ɗan koyo."

"To ai shi ya sa na zo."

"Lami, tashe ni zaune."

Na jingina shi da matasan kai, aka turo teburin. Ya ɗora hannuwansa a kan sitiyarin roban nan a hankali, ya ɗan murza shi hagu da dama kamar yadda yake yi wa motarsa da safe kafin ya tayar. Ya wuce kwanar dutsen ko ƙwarzane babu. Ni ina bakin ƙofa, sai na ga kafaɗunsa sun dawo yadda na san su. A ranar ya ci tuwo malmala biyu.

To a nan ne muka san halin faifai. Wasan yana cikin kwamfutar gaba ɗayansa, amma ba zai tashi ba sai ya ji faifansa na asali a ciki. Masu shi can ƙasar Turawa sun sa masa wani kulle da ido ba ya gani, don kada a kwafa a riƙa sayarwa. Faifan kuwa ɗaya ne, wani ƙanin Baban Chidi ya aiko masa daga waje, ga kwamfuta biyu a gida biyu. Baban Chidi ya ce wannan ai aikinsa ne, zai kwafa. Ya kwafa, kwamfuta ta tofar. Ya sake, ta tofar. Ya yi ta ɓata faya-fayai har Maman Chidi ta mayar da su marfin kofi. Ga na asalin kullum ana sa shi ana cirewa, ya fara samun ƙwarzane, wani lokaci sai ya yi ta juyi yana tunani kafin ya yarda ya tashi, mu duka mun zuba masa ido. Ban taɓa ganin Baban Chidi cikin fushi ba sai a kan wannan.

"Nawa ne fa, halak malak!" yana faɗa yana buga cinya. "Amma kullum sai ya tsare ni a ƙofa ya ce in nuna shaida kamar na sato shi. In ya lalace gobe shi ke nan, ba ni da ikon ajiye na biyu a gidana. Ɓarawo yana can yana barci, mai gaskiya ake caje wa aljihu. An bar jaki ana dukan taiki!"

"Haka 'yan sandan hanya suke," in ji Malam. "Mai takardu shi ake tsarewa a rana."

Da abin ya gagara sai aka yi rabo. Da safe, in Baban Chidi zai tafi shago, faifai ya tsallako gidanmu. In ya dawo da yamma, faifai ya koma. Ni da Maman Chidi muka zama 'yan aike: ta taka bokiti daga can, ni in kifa turmi in taka daga nan, mu miƙa wa juna ta saman katanga, a naɗe cikin wani tsohon kallabina don kada ya ƙara ƙwarzanewa. Ba faifan kaɗai ke tsallakawa ba, har da baƙar magana. Malam ya ce in gaya wa ɗan koyo shi yau ya haye gadar ƙarfe ta cikin wasan bai taɓa birki ba. Baban Chidi ya aiko da cewa a gaya wa Oga sa'a ce ba iyawa ba. Mu kuma in mun isar da saƙon maza sai mu tsaya a kan turmi da bokiti mu yi namu, ta miƙo mini miyar agushi, in miƙa mata kuka da daddawa. Kullen nan da muke zagi safe da yamma, shi ya taka mana hanya a saman katanga. Shekarun da muka yi muna maƙwabtaka kafin nan, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Ana nan wata rana Baban Chidi ya shigo yana washe baki, riƙe da faya-fayai biyu da ya samo wurin wani mai sayar da su a kasuwa. Ya ce waɗannan jabu ne, amma an fasa musu kullen. Aka sa ɗaya, ya tashi ba gardama, mota ta yi gudu lafiya lau. Aka ɗan zaga, aka cire, aka ce alhamdu lillahi an sami na ajiya. Ya bar mana ɗaya ya tafi da ɗaya. Amma ba a yi amfani da su ba, don su biyun sun riga sun saba da jiran juna, mu ma matan ba mu so a raba mu da katangarmu ba.

Shekarar da ta biyo baya gari ya ɗauki zafi. Ba zan shiga wannan zancen ba, kun karanta, kun ji. Abin da na gani da idona shi ne motocin kaya a ƙofar gidajen mutanen kudu, daga Unguwar Gano har Tarauni, ana ɗaure katifu da igiya. Kowace safiya da sabuwar jita-jita. Babu wanda ya taɓa gidan Baban Chidi, amma Maman Chidi ta daina barci, 'yan'uwansu kuma suka matsa daga gida a dawo da yara. Ranar da ta gaya mini a saman katanga sun yanke shawarar tafiya, ba mu miƙa wa juna komai ba, kuka muka yi. Da safiyar tafiyar Baban Chidi ya shigo, ya ajiye faifan asali a kan teburin Malam.

"Riƙe wannan, Oga. Ni jabun ya ishe ni."

Malam ya ce an gode. Suka yi musabaha mai tsawo, kowa yana kallon wani wuri. Yana fita babanku ya kira ni.

"Lami, mutum zai bar garin da aka binne cibiyarsa, a ce kuma mu ne za mu karɓi abu a hannunsa? Matafiyi ake yi wa guzuri. Ba ni da abin ba shi da ya fi wannan daraja a wurina, ko da yake nasa ne. Sa musu a cikin kaya, kada ki bari ya gani."

Na ga daidai ne a lokacin, har yanzu ma ina ganin daidai ne. Na naɗe faifan a kallabin nan, na tura shi ƙarƙashin ƙullin yaji da busasshiyar kuɓewa da na haɗa wa Maman Chidi, na kai mata har bakin mota. Muka koma kan jabu, tunda ga shi yana tashi.

Da farko lafiya. Sai wata rana na ji ƙarar karo daga ɗakin, irin wadda na daɗe ban ji ba. Na leƙa, na tarar Malam yana kallon tafin hannunsa. Ya ce ba komai. Washegari ya daki dutsen nan da ya taɓa yi wa Baban Chidi dariya a kansa. Abin ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan: yana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya sai motar ta fara zamewa hagu, ya dawo da ita, ta sake zamewa. Gadar ƙarfen da yake hayewa yana hira, ya koma ba ya kaiwa tsakiyarta sai ya faɗa ruwa. Babu wanda ya kawo faifai a ransa. A saninmu abu ko dai ya yi aiki ko ya ƙi, ba mu san akwai mai yin aiki yana cin amana ba. Shi kuwa babanku maganar likita ce ta faɗo masa. Kuma ku tuna, hagu ɗin nan ita ce hagun da ta kwantar da shi a gangara. Ya fara tambayar kansa ko dai tun a wancan karon ma ba sitiyari ba ne, ko masu raɗe-raɗi ne suke da gaskiya.

Na nemi mota muka koma asibiti. Likita ya sa shi ya matse masa yatsu, ya soka masa tsinke, ya ce hannuwa lafiyarsu ƙalau. Muna fitowa na ce to alhamdu lillahi, ka ji.

"Matsi ya gwada, bai gwada tuƙi ba," in ji Malam. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Bayan 'yan kwanaki yana shan koko sai kofin ya ɗan karkace, ya zuba a rigarsa, abin da zai iya faruwa da kowa. Ya dube ni ya ce, "Kin gani?" Daga ranar ya tura hannuwansa ƙarƙashin bargo, ya ce ba zai zauna yana ɓata jikinsa a gaban 'ya'yansa ba. Ya sa na rufe kwamfutar da zani. Abinci sai in ba shi a baki da cokali, yana kallon rufi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na taɓa ajiye masa kwanon na fita don yunwa ta sa shi ya ci, na dawo na tarar ƙuda na bi. Ya rame, ya koma bango. Wannan karon ya fi na farko muni, don na farko ƙaddara ce ta same shi, wannan kuwa shi ya yanke wa kansa hukunci. Na tabbata in aka ci gaba a haka ba zai ga wata damina ba.

A cikin wannan hali Bala ya zo da nasa maganin.

"Dama na faɗa, wasan yara ne ya tsotse masa jijiya. A kwashe tarkacen nan a fitar, matar Yaya. Babba da shi, ana jin vuu-vuu daga ɗakinsa kamar gidan kallo."

Ya nufi teburin. Na tsaya a gabansa na riƙe ƙugu.

"Bala, watan da Yayanka ya yi yana kallon bango, sau nawa ka zo ka juyo da shi? Tarkacen nan ne ya juyo da shi. Ka taɓa ka gani."

Ya fita yana cewa mace ta fi ƙarfin gida. Ni kuwa abin da ya sa na tsaya, akwai abin da na gani. Kafin a rufe kwamfutar, akwai ranar da Malam ya saki sitiyarin don takaici ya bar motar tana tafiya, sai na ga ta karkata hagu da kanta, daidai yadda take yi in yana riƙe. Na gaya masa, ya ce kowace mota in aka sake ta sai ta yi yawo, me na sani a tuƙi. Gaskiyarsa, ban san tuƙi ba. Amma na san hannun da nake wankewa kullum, na ga yadda yake jan carbi a ƙarƙashin bargo in ya ɗauka ba na kallo. Kuma na lura ciwon nan bai shigo gidanmu ba sai bayan da faifan asali ya fita.

Lokacin babu wayar hannu a wurin talaka, ba ni kuma da adireshin Baban Chidi, abin da na sani kawai wajen Anacha suka nufa. Amma matar direba ta san yadda saƙo yake tafiya. Na ce wa Malam zan je tasha wurin Alhaji Ɗan'asabe, tsohon abokin tafiyarsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, na ɗauki shirun nan izini. Ban taɓa taka tasha ni kaɗai ba. Na shiga tsakanin manyan motoci a Unguwa Uku, 'yan kamasho suna ta kallona, wani har da tambayar ko mijina ne ya gudu. Na yi ta tambaya har aka kai ni inda Alhaji yake zaune a kan benci. Da ya gane ni sai ya miƙe tsaye.

"Subhanallahi, iyalin Malam! Lafiya? Ai da kin aiko."

"Saƙon baki ne, Alhaji, ba na so ya canza a hanya. A nemo Baban Chidi mai gyaran kwamfuta na Tarauni. A ce masa motar Oga direba tana jan hagu, ya ce hannunsa ne ya mutu, ya daina ci da kansa. A ce masa ni ban yarda ba."

Ya sa na maimaita, shi ma ya maimaita. Bai gane zancen ba, bai kuma yi mini dariya ba, Allah ya jiƙansa. Ya ce zai bar maganar a wurin Hausawa masu albasa a can, su kuma su ba masu sayar da kayan wuta, in dai mutumin yana raye za ta same shi. Kafin in dawo gida labari ya riga ni. Dangin babanku suka yi ta yi da ni, wata ma ta ce tun miji bai mutu ba na fara zaga tasha. Wannan maganar ta ƙona ni, har yau in na tuna sai na ji ɗacinta. Shi kansa Malam da ya ji abin da na je faɗa, ya ce na kai sirrinsa kasuwa, ya daina amsa mini ko gaisuwa. Na ci gaba da ba shi abinci da cokali, ba ya ce mini, ba na ce masa.

Damina ta yi nisa, na fara fid da rai. Wata ranar bayan la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, na ji sallama da muryar da na sani. Baban Chidi ne, ya rame, tumbin ya tafi, takalminsa duk taɓo, riƙe da 'yar jaka. Matarsa ta roƙe shi kada ya zo, 'yan'uwansa sun ce ya haukace, ya biyo motar albasa da ta juyo babu kaya. Da ya ga babanku sai ya tsaya a bakin ƙofa. Can ya zauna, ya ce tun da ya tsinci faifan asali a cikin yaji ya san aikin Oga ne, shi ya sa bai taɓa kunna nasa jabun ba. Da saƙona ya same shi sai ya ɗauko jabun ya yi ta bugawa.

"Oga, ni ma ta ja mini hagu. Na ce to, ko ni ma hannuna ya mutu? Na shiga kasuwa na tambayi masu sayar da faifai, suka yi mini dariya. Ashe kullen biyu ne. Na farko shi ne mai hana tashi, shi aka fasa. Na biyu a ɓoye yake. In ya gane jabu ne ba zai ce maka komai ba, zai bar ka ka yi ta wasa, sannan ya riƙa lalata maka sitiyari a hankali har ka gaji ka je ka sayi na asali. Ɓarawo suka ɗana wa tarko, ba su san a gadon wa zai faɗa ba."

Ban san waɗannan mutane ba, ba su san ni ba, kuma na yarda kowa yana da ikon tsare kayansa. Amma na ji haushinsu a ranar irin wanda ban taɓa ji wa wani mahaluki ba. Da sun hana shi tashi kamar na farko, da mun haƙura. Ƙofar da aka kulle ta fi ramin da aka rufe da tabarma mutunci. Malam kuwa ko motsi bai yi ba.

"Kun haɗa baki ne ku lallashe ni," in ji shi.

Baban Chidi bai yi musu ba. Ya yaye zanin, Allah ya taimake mu akwai wuta. Ya kunna da jabunmu ya kama sitiyari da kansa a gaban Malam, motar ta ja hagu ta daki dutse.

"Kai dama ɗan koyo ne."

"Na yarda. To ga na asali, Oga ya nuna mini."

Ya ciro shi daga jaka, yana naɗe a kallabina har lokacin. Faifan ya yi ta juyi yana tunaninsa na ƙwarzane, ni ina salati a zuci, can ya tashi. Aka turo teburin. Malam ya ƙi fito da hannu. Na ga tsoro a idonsa ƙarara, don in wannan ma ta ja hagu, babu sauran abin da za a ɗora wa laifi. Ni da ko sunansa ban taɓa faɗa a gaban mutane ba, na manta da kunya, na durƙusa a gaban baƙo na sa hannu ƙarƙashin bargo na kamo nasa. Suna da ɗumi. Na ɗora su a kan sitiyarin na danne da nawa har sai da na ji ya riƙe.

Motar ta tashi. Ya bi miƙaƙƙiyar hanyar nan, ta tafi sak. Ya danna birki da yatsa kafin kwanar dutse, ya shige. Ya hau gadar ƙarfe, ya bi tsakiyarta har ya sauka, sannan ya tsayar da motar a gefen hanya, abin da ba a yi a tsere, sauran motocin suka wuce shi fuu. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, hawaye yana bin gemunsa bai share ba. Sai ya miƙa wa Baban Chidi hannu, ya damƙe nasa, ya matse har sai da ƙaton nan ya yi ƙara.

"Ka ji su?"

"Na ji, Oga! Sake ni, na ji!"

"A gangarar ma sitiyari ne," in ji babanku, ba da kowa yake ba.

Na tashi na shiga madafa don kada su ga fuskata. Na kwaso tuwo da miyar kuka, na ɗora cokali a gefe kamar yadda na saba. Ya dubi cokalin, ya dube ni, karo na farko tun ranar tasha.

"Lami, ɗauke wannan. Kawo ruwa in wanke hannu. Ki ƙaro kwano, maƙwabci ya sha hanya."

Baban Chidi ya kwana biyu ya koma, ya bar faifan, wannan karon ba a sa masa a kaya ba. Yana nan a ƙasan akwatina cikin kallabin. Babanku ya ƙara ganin damina, har da wata bayanta, sannan zazzaɓi ya ɗauke shi. Da hannunsa ya ci abinci har ranar, da hannunsa ya shafa kan kowannenku da safiyar da zai cika. In baffanku ya sake ba ku labarin wasan yara, kada ku yi masa musu, babba ne. Ku dai tambaye shi me ya raba babanku da cokali ya koma ci da hannunsa.